Kwaikwayon Tsohon Fim a Bidiyon Zamani: Kira ga Masu Gyaran Launi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani salo da ya zama ruwan dare a tsakanin masu ɗaukar bidiyo da masu tace shi, wato gyara launin hoton da aka ɗauka da kyamarar zamani har ya yi kama da wanda aka ɗauka a kan zaren fim irin na da, wanda sai an wanke shi da sinadarai kafin a ga abin da ke kansa. Ina cikin masu ƙaunar wannan salo, kuma aikin ya shafi sana'ata, shi ya sa yadda ake yin sa da ka yake damuna ƙwarai. Abin da nake gani a yawancin bidiyon waƙoƙi da tallace-tallace da gajerun finafinai shi ne an kwaso lalacewar tsohon fim an bar nagartarsa, kuma babu abin da hakan ya fi cutarwa kamar fuskokin mutanen da aka ɗauka.

Yadda aikin yake tafiya a hannun mutane da yawa ba ɓoyayye ba ne. Mutum zai sauko da wani jadawalin launi da ake kira LUT daga intanet, ya ɗora shi a kan bidiyonsa, hoton ya koma rawaya-rawaya, baƙi ya koɗe ya zama toka-toka, sannan ya ƙara masa karce da ƙura da ɗan rawar hoto, ya ce ya samu kamannin fim. Amma duk waɗannan alamomin tsufa ne da rashin kulawa. Karcen yana samuwa ne idan zaren ya yi ta wucewa ta cikin majigi sau ɗaruruwa, ƙurar kuma daga wurin ajiya take. Koɗewar launi ma cuta ce da masu sana'ar suka yi ta kuka a kanta, domin rinin da ke cikin kwafe-kwafen nuni na shekarun 1950 zuwa 1970 ba ya daɗewa, shuɗinsa da rawayarsa suna gudu su bar hoton ya rine ja-ja. Saboda haka ne darakta Martin Scorsese ya tayar da gangami a 1980 yana neman kamfanin Kodak ya samar da zaren da launinsa ba ya saurin koɗewa, daga baya kuma ya kafa gidauniyar ceto tsofaffin finafinai a 1990. Wanda ya shiga sinima a wancan zamani a makon farko na fitowar fim, hoto mai tsabta yake gani, mai baƙi ƙirin da launi cikakke. Wannan hoton ne ya cancanci a kwaikwaya.

To mene ne ya sa idon mutum yake jin daɗin hoton zaren fim? Babban dalili shi ne yadda yake karɓar haske mai ƙarfi. An shafe zaren da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske, kuma idan hasken ya ƙaru ba sa amsawa daidai wa daida har ƙarshe. A tsakiyar ma'auni suna bin hasken sau da ƙafa, amma yayin da ya tsananta sai amsarsu ta riƙa raguwa sannu a hankali. Masana biyu a Ingila, Ferdinand Hurter da Vero Driffield, sun zana wannan ɗabi'a tun 1890, kuma har yau da lanƙwasasshen layin da suka zana ake bayanin halin kowane zare. Amfanin wannan a aikace shi ne idan an ɗauki mutum a gaban taga da rana tsaka, ko farar riga a cikin hasken hantsi, farin yana hawa ne a hankali, ana iya ganin zanen labule da ninkin tufa kafin komai ya nutse cikin haske. Idon kyamarar dijital kuwa ƙirga haske yake yi kai tsaye, idan ma'ajinsa ya cika sai ya tsaya cak, duk abin da ya wuce wannan iyaka ya zama fari fat mai kaifin baki, babu komai a cikinsa. Duk gwanintar mai gyaran launi ba zai iya dawo da abin da kyamara ba ta adana ba. Wannan ne ya sa aikin yake farawa tun ranar ɗauka: a yi amfani da tsarin ɗauka na log idan kyamarar tana da shi, wanda yake matse faɗin haske cikin hoto mai kamar dishi-dishi domin a buɗe shi daga baya, kuma a lura da sararin sama da tagogi kada su ƙone.

Abu na biyu, wanda a ganina shi aka fi jahilta, shi ne nauyin launi. Allon waya ko na talabijin yana haɗa launi ne da ƙananan fitilu na ja da kore da shuɗi, saboda haka idan aka ƙara wa launi ƙarfi a manhaja yakan ƙara haske, ya riƙa ƙyalli. Zaren fim kuwa da rini yake aiki, rini iri uku a shimfiɗe hawa-hawa: shuɗi mai ratsin kore, ja mai ratsin shunayya, da rawaya. Hasken majigi yana ratsa su ne, kowane rini ya tsare wani kaso nasa. Kenan duk launin da ya yi kauri a kan zare sai ya yi duhu, domin rinin da ya fi yawa ya fi tare haske. Mai rini ya san wannan sarai, cewa tsoma tufa a baba sau da yawa yana ƙara mata zurfin shuɗi da duhu a lokaci guda. Jan mayafi a tsohon fim yana da nauyi da zurfi, ganyen bishiya yana karkata zuwa kore mai duhu, ba ya ƙyalli kamar fitilar talla. Wanda ya fahimci wannan kaɗai, ya riƙa rage hasken launukan da suka fi ƙarfi a hotonsa, ya fi kusa da kamannin fim fiye da wanda ya tara jadawalai ɗari a kwamfutarsa.

Akwai kuma abin da ya kamata matasanmu su sani game da jadawalan da suke saukewa. Hoton da aka saba gani a sinima zare biyu ne suka haifar da shi: nagatif da aka saka a kyamara, mai laushin bambanci tsakanin haske da duhu, da kuma zaren bugu da aka kwafe shi a kai, wanda shi ne yake ba da tsananin baƙi da ƙarfin launi. Shahararren zaren bugu na Kodak shi ne mai lamba 2383, kuma manhajar gyaran launi ta DaVinci Resolve tana zuwa da jadawalinsa kyauta. Sai dai an gina wannan jadawali ne domin ya karɓi hoton da ke cikin tsarin Cineon, wanda Kodak ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990 domin shigar da nagatif cikin kwamfuta. Idan aka ɗora shi kai tsaye a kan bidiyon da kyamara ta riga ta gama sarrafawa, to an yi wa hoton bugu biyu, inuwa ta toshe, launin fata ya ƙone. Dole ne a fara mayar da bidiyon zuwa tsarin da jadawalin yake tsammani, sannan a yi gyaran haske a ƙarƙashinsa, shi kuma ya zauna a ƙarshen layi kamar yadda zaren bugu yake zuwa a ƙarshe. Haka nan bidiyon da aka ɗauka da bit 8 yana da matakai 256 ne kawai ga kowane launi, alhali mai bit 10 yana da 1024, don haka idan aka matsa wa na farkon lamba sai sararin sama ya tsattsage ya zama layi-layi.

Ina ganin akwai darasi babba a yadda masu daidaita launi na da suke aiki a ɗakin wanke fim. Abin da ke hannunsu shi ne fitilu uku na injin bugu, ja da kore da shuɗi, kowace da makinta daga 1 zuwa 50, kuma duk canjin da suka yi yana shafar hoton gaba ɗayansa ne. Ba su da ikon zagaye fuska su haskaka ta ita kaɗai, ko su mayar da inuwa shuɗiya su bar fata ruwan goro. Wannan ƙarancin kayan aiki shi ne ya ba hoton haɗin kai, komai na cikinsa yana nuna cewa haske ɗaya ne ya sauka a kansa. Manhajojin yau suna ba mu damar taɓa kowane lungu na hoto daban, kuma yawan amfani da wannan dama yana daga cikin abin da yake tona asirin aikin. Shawarata ga mai koyo ita ce ya ɗaure hannunsa a matakin farko, ya daidaita kowane hoto da waɗannan fitilu uku kawai, waɗanda ake samu a manhajojin gyaran launi, kafin ya taɓa wani abu dabam.

Game da ƙwayoyin nan masu motsi da ake gani a jikin hoton fim, su ne ainihin abin da aka gina hoton da shi, kuma kowane hoto ɗaya daga cikin 24 na kowace daƙiƙa yana da nasa tsarin ƙwayoyi, shi ya sa suke kamar suna numfashi. Girmansu ya danganta da saurin jin hasken zaren da faɗinsa: zaren Kodak na Vision3 mai lamba 500T, wanda aka yi domin hasken fitila, ya fi 50D na hasken rana manyan ƙwayoyi, kuma zare mai faɗin milimita 16 ya fi mai 35 nuna su, saboda an fi faɗaɗa shi kafin ya cika allo. Sun bambanta da yayyafin da kyamarar dijital take yi idan haske ya yi ƙaranci, wanda yake taruwa a cikin inuwa da ɗige-ɗige masu launi. Ƙwayar da aka shimfiɗa bai ɗaya a kan hoto, ƙarfinta ɗaya a duhu da haske, tana zama kamar datti a kan gilashi. Haka jan kewayen nan da yake bayyana a gefen fitila ko a bakin taga: hasken da ya ratsa zaren ne ya doki bayansa ya dawo, ya sake taɓa hawan da ke jin ja, wanda shi ne na can ƙasa. Masu ƙera zaren sun daɗe suna shafa masa baƙin abu a baya domin su kashe wannan dawowa, don haka a finafinan gaske ɗan kaɗan ne yake fitowa, a inda haske ya tsananta kawai. Jan hayaƙin da ake zubawa a kan kowane farin abu a bidiyon yau ya wuce gona da iri.

Manyan masu sana'ar sun nuna cewa ana iya yin aikin da kyau. Fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000 yana cikin na farko da aka gyara launinsu daga farko har ƙarshe a kwamfuta, inda mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya mayar da korayen filayen jihar Misisipi busassu masu ruwan ƙasa. An ɗauki Dune na 2021 da kyamarar dijital, aka juye shi a kan zare mai milimita 35, aka sake shigar da shi kwamfuta domin ya ɗebo halin zaren na gaske. Steve Yedlin, wanda ya ɗauki Knives Out na 2019 da kyamarar dijital, ya bi wata hanya dabam: ya auna halin zaren da lissafi, ya gina kwaikwayonsa, har ya fitar da gwaji yana jera hoton zare da na dijital domin mai kallo ya gwada bambance su. The Holdovers na 2023 ma da dijital aka ɗauke shi aka yi masa kamannin farkon shekarun 1970, kuma a can akwai hujjar saka ɗan tsufa, domin labarin a wancan lokacin yake faruwa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato launin fata. Zaren fim mai launi bai taɓa zama ɗan ba-ruwanmu a wannan fanni ba. Tun daga shekarun 1950, ɗakunan wanke hoto suna daidaita injinansu ne da wani kati na Kodak da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton mace farar fata, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Mai bincike Lorna Roth ta ruwaito cewa ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda hotunan talla ba sa nuna bambancin launukan ƙasa-ƙasa na kayansu, yana cikin abin da ya tura kamfanin ya inganta zarensa ta wannan ɓangare. Wannan tarihi bai mutu ba, yana nan kwance a cikin jadawalan da ake sayarwa, domin da yawa daga cikinsu a kan farar fata aka gwada su. Lanƙwasar da take ba hoto tsananin baƙi tana danne ƙasan ma'aunin haske, kuma a nan ne fuskar mutum baƙi take zama idan ba a haska ta da kyau ba. Sakamakon shi ne goshi da kunci su nutse cikin duhu, idanu da haƙora kaɗai su rage, ko kuma shuɗin da aka zuba a inuwa ya hau fatar ta koma toka-toka kamar ta marar lafiya. Wasu kuma, don gudun hakan, sai su ɗaga hasken fuska su yi mata ruwan lemo har mutum ya fita daga kamanninsa, danginsa ma su yi ta kallo suna tantama. Duka biyun cin fuska ne ga wanda ya tsaya gaban kyamara da amana.

Baƙar fata tana da launuka masu yawa a cikinta, akwai mai ratsin ja, akwai mai ratsin zinariya, akwai mai ɗaukar shuɗin sararin sama a kan ƙashin kunci, kuma tana nuna siffarta ne ta hanyar sheƙin da take mayarwa. Saboda haka haske mai faɗi da laushi, wanda ya fito daga babban farin ƙyalle ko bango, ya fi yi mata kyau fiye da ƙaramar fitila mai zafi da aka ƙure. Fim ɗin Moonlight na 2016 hujja ce a kan cewa kwaikwayon zare da mutunta baƙar fata suna iya tafiya tare. Da kyamarar dijital James Laxton ya ɗauke shi, mai gyaran launi Alex Bickel kuma ya ba kowane ɗaya daga cikin sassan labarin uku halin wani zare dabam, na Fuji da na Agfa da na Kodak, kuma fatar 'yan wasan ta fito da zurfi da sheƙi a duka ukun. Abin da ya kamata ya zama doka ga duk mai wannan aiki shi ne ya gwada salonsa a kan fuskokin ainihin mutanen da zai ɗauka tun kafin ranar aiki, a cikin hasken da za a yi amfani da shi, idan jadawalin ya ɓata fuska a gyara jadawalin ko a jefar da shi.

Sauran abubuwan da suke taimakawa duk a wurin ɗauka suke. Motsin da ido ya saba da shi a sinima ya fito ne daga hoto 24 a daƙiƙa, kowane hoto yana shan haske na kimanin kashi 1 cikin 48 na daƙiƙa, kuma wanda ya ɗauka da rana ya bar kyamara ta ƙara saurin rufewa don rage haske zai samu motsi mai tsalle-tsalle wanda babu launin da zai gyara shi. Gilashin rage haske a gaban lens, wato gilashin bakin kyamara, shi ne maganin wannan. Ya kamata kuma a kashe ƙarin kaifin da kyamara da waya suke yi wa gefen abubuwa. Launin tufafi da fentin bango da irin fitilun da ke cikin ɗaki su ma suna yanke hukunci tun kafin a kunna kwamfuta.

Akwai matsalar inda za a kalli aikin. Yawancin bidiyon yau ta YouTube da Instagram da makamantansu yake isa ga jama'a, kuma waɗannan dandali suna matse shi sosai domin ya yi sauƙin tafiya. Ƙwayoyi masu canzawa a kowane hoto suna daga cikin abin da ya fi wahalar matsewa, sai injin ya shafe su ko ya mayar da su tabo-tabo, kuma a garin haka ya ci wani kaso na tsabtar fuskoki. Mai hankali zai ɗora gwaji na rabin minti ya kalla a waya kafin ya yanke yawan ƙwayar da zai saka. Haka nan wanda yake gyara launi a allon da bai daidaita ba, a ɗaki mai hasken taga yana canzawa, idonsa zai yaudare shi, don haka dole ya riƙa duba ma'aunan haske da launi da ke cikin manhajar.

Akwai kuma wurin da nake ganin bai dace a shigar da wannan salo ba sam, wato rahoton labarai da fim ɗin tarihi na gaskiya, musamman idan an haɗa sabon ɗauka da tsofaffin hotunan ajiya. Idan aka yi wa abin da aka shirya jiya kamannin shekara hamsin da suka wuce ba tare da an sanar da mai kallo ba, zai ɗauke shi a matsayin shaidar abin da ya faru, kuma wannan ha'inci ne ko da ba a yi niyyarsa ba.

Malam Edita, roƙona ga masu koyar da ɗaukar hoto da tacewa shi ne su riƙa nuna wa ɗalibansu finafinan da aka ɗauka a kan zare aka kuma gyara su da kyau, su tsayar da hoto ɗaya su sa ɗalibi ya faɗi inda fari ya ƙare, da yadda inuwa take riƙe da bayani, da yadda ja da kore suke zama, kafin a ba shi kowane jadawali. Zaren bai ɓace ba tukuna: Fujifilm ya daina yin na ɗaukar finafinai a 2013, amma Kodak yana ci gaba, kuma a kan zare mai milimita 65 aka ɗauki Oppenheimer na 2023, don haka abin kwatance yana nan ga mai son gani. Ina kuma roƙon wannan jarida ta riƙa ba ƙwararrun masu gyaran launi fili lokaci zuwa lokaci su yi bayanin aikinsu da Hausa, tare da hotunan kafin gyara da bayan gyara, domin masu tasowa su samu abin dogaro da ya wuce tallan masu sayar da jadawali.

Na gode da wannan dama.

Wassalam,
Mai karatunku, ma'aikacin tace hoto da gyaran launi.